Mazubin Abin da Ba Shi da Suna

Kowane harshe yana da iyakar da sunaye suke tsayawa. Doki yana da suna, rijiya tana da suna, haka ma fushi da kunya da bashi. Amma yawancin abin da ke shiga tsakanin mutane ba a raɗa masa suna ba. Ɗan'uwa ya zo jana'iza a makare, bai gaisa da kowa ba, ya kuma tafi tun ba a shafa fatiha ba: wannan duka lamari ɗaya ne a zuciyar wanda ya gani. Yana da nauyi, yana iya raba zumunci, amma babu kalma guda a ƙamus da za a ce ita ce sunansa. Duk da haka mai magana yana bukatar ya ɗauki lamarin ɗungurungum ya kai shi jimla ta gaba, domin ya ce ya ɓata masa rai, ko ya ce ya yafe.

Sifaniyanci ya ware wa wannan aiki kalmomi biyu, “lo que” da “lo cual”. Na daɗe ina karatu da fassara daga wannan harshe, kuma a cikin ƙa'idojinsa babu wadda ta sauya mini yadda nake sauraren mutane kamar ƙa'idar waɗannan biyun. Aikinsu shi ne raba abin da aka yi da wanda ya yi shi. Wannan rabuwa wani lokaci adalci ce, wani lokaci kuma mafaka ce ga mai laifi, kuma nahawu ba ya gaya wa kowa wacce ce a gabansa.

Asalin maganar yana cikin harshen Latin, uwar Sifaniyanci. Latin ya kasa sunaye gida uku: namiji, mace, da kuma wani jinsi na uku wanda ba namiji ba, ba mace ba. Da harshen ya yi ta sauyawa a bakin mutanen ƙasar da ake kira Sifaniya a yau, sai gida na uku ya rushe, mazaunansa suka watsu zuwa sauran biyun. “Vinum” ta koma “el vino”, wato giyar inabi, ta zama namiji. “Folia”, wadda a da jam'i ce ta jinsi na uku, ta koma “la hoja”, ganye ɗaya, ta zama mace. A yau babu suna ko ɗaya a Sifaniyanci da ba namiji ko mace ba. Sai dai wasu 'yan kalmomi sun tsira daga rushewar. Kalmomin nuni uku na Latin, “ille”, “illa” da “illud”, sun haifi “el”, “la” da “lo”. Biyun farko suna tsayawa gaban suna, kamar yadda alif da lam suke yi a Larabci. Ta ukun kuwa ta wayi gari babu sunan da za ta tsaya a gabansa, sai ta kama wani aiki: nuna tunani, ko hali, ko aukuwa, wato duk abin da ba a iya ƙirga shi ko a sa masa jinsi.

Malaman nahawu sun daɗe suna kai da komo a kanta. Tun daga Antonio de Nebrija, wanda ya buga nahawun harshen na farko a Salamanka a 1492, shekarar da Garnaɗa ta fita daga hannun Musulmi, har zuwa Andrés Bello ɗan Benezuwela, wanda ya fitar da nasa a Chile a 1847, da kuma babban nahawun da majalisun harshen suka haɗu suka buga a 2009, ana ta neman ajin da za a sa “lo”. Wasu suna lissafa ta tare da “el” da “la”, wasu kuma suna ganin wakilin suna ce mai cin gashin kanta. Masu magana ba su jira hukuncin malamai ba. Sukan ce “lo bueno”, abin da ke da kyau a cikin lamarin. “Lo difícil”, inda wuyar take. “Lo de ayer”, zancen nan na jiya. Idan kuma suka haɗa ta da “que” ko “cual”, sai ta zama igiyar da ke ɗaure jimla da jimla.

Misali ɗaya ya isa ya nuna amfaninta. A ce: “Compró una casa, la cual me sorprendió.” Ya sayi gida, kuma gidan ne ya ba ni mamaki, ko don girmansa ko don fasalinsa, domin “la cual” mace ce, tana komawa ga “casa”. A sauya harafi ɗaya a ce: “Compró una casa, lo cual me sorprendió.” Yanzu gidan ya fita daga zancen. Sayen ne ya ba ni mamaki: mutumin da na sani ba ya da ko kuɗin haya, ga shi ya mallaki gida. Wasali guda ya ɗauke idon mai sauraro daga ginin ya mayar da shi kan aukuwar.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan bukata, ko da yake hanyarsa daban ce. Mu ma sunayenmu namiji ne ko mace, ba mu da gida na uku. Idan muka so mu ɗauki jimla sukutum, sai mu ari kalmar “abu” ko “lamari”, mu ce: ya sayi gida, abin da ya ba ni mamaki. “Abu” kuwa namiji ne, shi ya sa muke cewa abin da ya faru. Amma idan lamarin ya kai inda ba a son ko ambatonsa, sai harshenmu ya koma ga mace ba tare da ya faɗi wace ce ba: ta ɓaci, ta yiwu, ta leƙo ta koma, ta faru ta ƙare an yi wa mai dami ɗaya sata. Babu wanda ke tambaya wace ce ta faru. Kowa ya san wannan “ta” ba mace ba ce, hali ne da ya sauko wa mutane. Abin da muke yi da aro, Sifaniyanci yana yin sa da kayan da ya gada. Wanda kuma ya zauna a zaure ya karanta Alfiyya zai tuna bambancin “man” da “ma” a babin mausuli, ta farko ga masu hankali, ta biyu ga abin da ba mutum ba. Marubucin littafin, Ibn Malik, haifaffen Jayyan ne a Andalus, garin da ake kira Jaén a yau, kafin ya yi ƙaura zuwa gabas ya rasu a Dimashƙu a 1274. “Lo” ba daga Larabci ta fito ba, amma ya zamana a ƙasa ɗaya harsuna biyu sun yi ta fama da tambaya ɗaya: yaya ake nuna abin da ba mutum ba, ba kuma kaya ba?

Tsakanin tagwayen nan biyu akwai bambancin hali. “Lo cual” ba ta iya buɗe zance. Dole a riga an faɗi lamarin, sannan ta zo ta waiwaye shi. Ana cewa: ya iso a makare, “lo cual” ya ɓata wa kowa rai. Saboda haka ta fi yawa a rubuce, a takardun kotu da na hukuma, inda ake jera hujjoji sannan a ce “por lo cual”, wato saboda abin da aka ambata, ga hukunci. Kalma ce mai rajista a hannu. Ba ta nuna komai sai abin da yake a rubuce a sama, kowa yana iya komawa ya duba. “Lo que” kuwa tana iya yin wannan aikin, tana kuma iya abin da 'yar'uwarta ba ta iyawa: ta tsaya ita kaɗai ba tare da an faɗi komai a baya ba. “Lo que me dijiste es verdad”, abin da ka gaya mini gaskiya ne. Mene ne aka gaya? Jimlar ba ta faɗa ba. Mazubi ne a rufe, masu zancen biyu kaɗai suka san abin da ke ciki, wani lokaci ma kowannensu da abin da yake zato.

Har alkawari yakan sauya nauyi a cikin wannan mazubi. “Haré lo que dices” na nufin zan yi abin da kake faɗa, na ji shi, na san girmansa. “Haré lo que digas” kuwa, da aikatau ya koma sigar abin da bai tabbata ba, na nufin zan yi duk abin da ka ce, ko mene ne, tun kafin ka buɗe baki. Na farko yarda ce da magana, na biyu miƙa wuya ne ga mutum. Daga wannan siga ta biyu aka sami maganganun da masoya da mayaƙa da 'yan siyasa suke so: “pase lo que pase”, komai zai faru ya faru, “digan lo que digan”, su faɗi duk abin da za su faɗa.

Inda na fi ganin darajar kalmar shi ne wajen hukunci a kan mutane. A ɗauki mutumin da wansa ya sayar da gonar gado ba da saninsa ba. Yana iya cewa: “mi hermano, al cual no perdono”, yayana, wanda ba zan yafe wa ba. Yana kuma iya cewa: “mi hermano vendió la tierra, lo cual no perdono”, yayana ya sayar da gonar, abin da ba zan yafe ba. A jimla ta farko an rufe ƙofa a fuskar mutum. A ta biyu laifin yana nan da girmansa, ba a rage masa komai ba, amma an cire shi daga jikin mai shi an ajiye a gefe, ta yadda 'yan'uwan biyu za su iya zama su dube shi tare. Duk wanda ya taɓa zama wajen sulhu ya san rabin aikin dattawa ke nan: su mayar da “kai ɓarawo ne” ta koma “abin da ka yi bai dace ba”. Sifaniyanci ya sa wannan dabara a cikin ƙashin jimlarsa.

Ɗayan gefen na gan shi ne a Garnaɗa, a 2013, a gidan wata tsohuwa da na kama hayar ɗaki a wurinta. Ta haura shekara tamanin, 'yar wani ƙauye ce da ke bayan birnin, kuma tana da shekara shida aka fara yaƙin basasa a 1936. A watannin farko na yaƙin an kashe mutane da yawa a wannan yanki ba tare da shari'a ba, cikinsu har da mawaƙi Federico García Lorca, wanda har yau ba a gano ƙasusuwansa ba. Mahaifin tsohuwar yana cikin waɗanda aka ɗauka da dare ba su dawo ba. Na yi watanni a gidan kafin in san haka, domin ba ta taɓa faɗarsa da baki ba. Takan ce “lo de mi padre”, zancen nan na mahaifina. Takan ce “después de lo que pasó”, bayan abin da ya faru, muka bar makaranta. Bayan abin da ya faru, mahaifiyata ta shiga wankau a gidajen mutane. Rayuwarta duka ta kasu biyu, kafin da bayan, kuma a tsakiya babu komai sai “lo que”.

Wata Lahadi jikarta, ɗalibar jami'a, ta zo cin abincin rana. Da tsohuwar ta sake cewa “lo que pasó”, sai yarinyar ta ajiye cokali ta ce, cikin ladabi amma ba da wasa ba: “Kaka, ai ba faruwa ya yi ba. Ruwan sama ne ke faruwa. Lo mataron.” Wato kashe shi aka yi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne haruffan nan biyu ba su sauya ba. “Lo” ce dai a bakin jikar, amma wannan ba ta jinsi na uku ba ce, wakilin sunan namiji ce, ma'anarta “shi”. Da harafi biyu kaka ta rufe mahaifinta a cikin aukuwa, da harafi biyun kuma jika ta fito da shi ta mayar da shi mutum. Ko ita ma ba ta kai ƙarshe ba, domin “mataron” kamar “an kashe” ce a Hausa, ba ta faɗi wanda ya yi ba.

Tsohuwar ba ta yi musu ba. Sai da yarinyar ta tafi, muna kwashe kwanuka, ta ce da ni: “Ɗana, na san sunayensu duka. 'Ya'yansu ne ke sayar da burodi a garinmu, da su muke ɗibar ruwa. Da na kira abin da sunansa, da me zan ce musu da safe?” Ta yi kusan shekara arba'in a ƙarƙashin mulkin Franco, lokacin da kiran sunan yana iya jawo wa gida wata masifar. Bayan mutuwarsa a 1975 ƙasar da kanta ta zaɓi irin jimlar tsohuwar. Dokar afuwa ta 1977 ta saki fursunonin siyasa, ta kuma rufe ƙofar tuhumar jami'an tsohuwar gwamnati, kuma manyan jam'iyyu suka yarda a bar abin da ya wuce ya wuce domin a gina dimokuraɗiyya. Jikoki ne suka buɗe mazubin. A 2000 aka tono wani kabarin bai-ɗaya a Priaranza del Bierzo, a lardin León, aka fito da ƙasusuwan mutum goma sha uku, kuma jikan ɗaya daga cikinsu ne ya jagoranci aikin. A 2007 aka yi dokar tunawa da tarihi, a 2019 aka ɗauke gawar Franco daga katafaren hubbaren da ya gina a wajen Madrid, a 2022 kuma aka yi wata sabuwar doka da ta ɗora wa hukuma nauyin neman waɗanda suka ɓace. Ana iya karanta wannan tarihi a matsayin tafiyar ƙasa daga “abin da ya faru” zuwa “wane, ɗan wane, a rana kaza, a wuri kaza”.

Ban ga dalilin ɗora wa ɗayansu laifi ba. Kakar ta rayu ne saboda ta sami kalmar da za ta ɗauki abin ba tare da ya ƙone mata baki ba, ta yi aure, ta goyi 'ya'ya a gari ɗaya da iyalan waɗanda suka mayar da ita marainiya. Jikar kuwa ta ga cewa mazubin da ya daɗe a rufe yakan zama kamar babu komai a cikinsa, kuma wanda ya fi kowa cin ribar rufewar shi ne wanda ya aikata. Kowaccensu ta yi gaskiya a zamaninta. Abin da ya bambanta su shi ne wanda kalmar take karewa: a bakin kaka tana kare mai rauni, amma idan ta wuce zuwa bakin hukuma da littafin makaranta, sai ta koma kare mai ƙarfi.

A shekarar nan dai na riƙa jin wata magana a ko'ina, a layin ofishin neman aiki, a gidan shayi, a bakin matasa masu digiri da ke haɗa jaka za su tafi Jamus ko Ingila: “Es lo que hay.” Abin da ke akwai ke nan. Rashin aikin yi ya haura kashi 26 cikin ɗari a ƙasar, a tsakanin matasa kuma ya wuce rabi. Maganar tana da daɗin haƙuri, irin na “ya za a yi” a bakinmu, kuma na ga ta hana mutane da yawa karyewa. Amma a cikinta babu bankin da ya ba da bashin da bai kamata ba, babu wanda ya sa hannu a kan takarda, babu wanda ya gina dubban gidajen da suka tsaya babu kowa a ciki. Akwai “abin da ke akwai” kawai, kamar fari ko sanyin hunturu. Kalmar da ke taimakon mutum ya jure ita ce kuma take hana shi tambaya.

Saboda haka idan na ci karo da “lo que” a rubutun da nake mayarwa Hausa, nakan dakata. Sauƙin aiki shi ne in rubuta “abin da” in wuce, kuma sau da yawa hakan daidai ne. Amma nakan fara tambayar kaina ko akwai jimla a baya da take komawa gare ta. Idan akwai, idan ana iya cire ta a sa “lo cual” ba tare da zancen ya karye ba, to marubucin ya riga ya baje kayansa a fili, yana tattara su ne kawai domin ya yi hukunci. Idan kuwa babu, idan “lo cual” ta ƙi zama a wurin, to an miƙo mini abu a rufe, kuma wajibi ne in san dalilin rufewar kafin in zaɓi kalma. Wani wurin kunya ce, sai in bar ta da kunyarta, domin Hausa ta san “abin nan” da “zancen nan” sarai. Wani wurin tausayi ne. Wani wurin kuma jami'i ne yake cewa yana baƙin cikin “lo que ocurrió”, abin da ya auku, alhali shi ya ba da umarni. A nan ba ni da ikon ƙara masa sunan da bai faɗa ba, amma ina da ikon kada in yi wa jimlarsa ado har ta fi yadda take taushi.

Ƙa'idar da littattafan koyon harshe suke bayarwa a layi biyu, cewa “lo cual” tana bukatar abin da aka riga aka ambata, “lo que” kuwa ba dole ba, ta zama mini ma'auni har a wajen Sifaniyanci. Ina jin ta a wajen rabon gado, a zaman sulhun ma'aurata, a jawabin shugabanni bayan tashin hankali. Duk wanda ya ce “abin da ya faru”, ina sauraro in ji ko an taɓa faɗin abin a fili ko sau ɗaya, a gaban wanda aka yi wa, da sunan wanda ya yi. Idan an faɗa, taƙaitawar rahama ce, kuma babu amfanin a riƙa tone miki kullum. Idan ba a taɓa faɗa ba, to akwai jimlar da ake bin mutane bashinta, kuma bashin yana nan ko da kakanni sun yi shiru, har ranar da wata jika za ta ajiye cokali ta nema.